KAFIN A ƊAURA KAYA: YADDA MAGABATANMU SUKA YI SHIRIN FITA ƘASAR WAJE



A 'yan shekarun nan da wuya mu yi zaman ƙungiya mu tashi ba a kawo maganar wani da ke shirin fita ƙasar waje ba. Wannan yana neman takardar shaida daga ƙungiya, wancan yana neman rance ya cika kuɗin biza, wani kuma sai dai mu ji an ce ya sayar da babur ɗinsa ko filin gadonsu ya miƙa wa ejan. Akwai masu Saudiyya da Dubai da Katar, akwai masu Libiya da Aljeriya, akwai kuma 'ya'yanmu da suka karanta aikin jinya a nan Kafanchan suna hangen Ingila. Wasu sun tafi sun dace, iyayensu na cin moriyarsu. Wasu sun dawo daga su sai rigar jikinsu. Akwai gidan da har yau in waya ta yi ƙara cikin dare sai gaban uwa ya faɗi.

Mu a ƙungiyance ba mu da ikon hana kowa tafiya, ba mu kuma da niyyar yin haka. Neman halal ba ya da iyaka, kuma kowa ya san halin da ake ciki a gida. Abin da muka ga ya kamata shi ne mu waiwayi baya, domin Bahaushe ya daɗe yana barin gida ya je wata ƙasa ya zauna ya yi sana'a. An yi wannan tafiya tun kafin a san fasfo. Akwai waɗanda suka yi ta suka ci riba, akwai waɗanda ta cinye su. In muka duba da kyau za mu ga cewa galibi tun a gida ake rabuwa, wato a wajen shiri.

GARIN DA BAƘI SUKA CIKA

Mu fara da kanmu. Kafanchan ta bunƙasa ne saboda layin dogo. A 1927 layin da ya taso daga Fatakwal ya bi ta Inugu da Makurɗi ya haɗu a nan da layin Kaduna da na Jos, sai garin ya zama mahaɗa. Ma'aikatan reluwe suka zo, 'yan kasuwa suka biyo su, mahauta da maɗinka da malamai da 'yan dako kowa ya zo neman abincinsa. A 1933 aka dawo da fadar Sarkin Jama'a daga Jama'a Sarari zuwa nan. Haka gari ya cika da Hausawa da Fulani da Ibo da Yarbawa da Nufawa, ga maƙwabtanmu Fantsuwam da Kaninkon da Bajju da mutanen Kagoro.

Da yawa daga cikinmu in aka bi salsala za a tarar kaka ko kakan kaka ya sauko ne daga jirgi a tashar nan da ɗan ƙunshinsa, daga Kano ko Katsina ko Zazzau ko Bauchi. Kuma in ka tambayi dattawan gidanku, da wuya su ce maka ya zo ne haka siddan. Akwai wanda ya riga shi zuwa ya aika masa, akwai gidan da ya sauka, akwai sana'ar da ya zo da ita a hannu. Wannan tsari ba a Kafanchan aka ƙirƙiro shi ba. Gado ne daga fataken da suka riga jirgi.

FATAKEN GWANJA

Tun ƙarnuka da suka wuce fatake ke tashi daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja, a arewacin Gana ta yau, domin sayen goro. A ƙarni na 19 wannan fatauci ya kai ƙololuwa, kuma babbar kasuwarsa ita ce Salaga. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka yi fice a kai. Suna ɗaukar kanwa da tufafi da jemammun fatu da dabbobi, su haye Kwara, su ratsa ƙasar Bargu da Dagomba har su isa. Zuwa da dawowa kan ci watanni da yawa, wani lokaci har ta kusa shekara.

Abin lura shi ne babu mai tashi shi kaɗai. Ayari ake haɗawa, wani lokaci na ɗaruruwan mutane da jakai, kuma ayari yana da shugabanni sanannu. Madugu shi ne uban tafiya. Shi ya san hanya, ya san sarakunan da za a ratsa ƙasarsu, shi ke yin cinikin kuɗin fito da kuɗin wucewa a madadin kowa. Jagaba yana gaba yana duba hanya da wurin da za a yada zango. Uban dawaki yana taimaka wa madugu wajen tara kuɗi da biyan abin da aka yanka. Akwai kuma malamin ayari mai rubutu da addu'a. Mutum ba ya zama madugu don ya iya daɗin baki. Sai wanda ya yi tafiyar sau da yawa, an san gidansu, an san iyalinsa, in ya ci amana an san ƙofar da za a je a tsaya.

In an isa, akwai fatoma, wato mai masauki. Shi zai ba ka ɗaki, ya ajiye maka kaya, ya haɗa ka da dillali, ya yi maka tafinta, ya tsaya maka in an ba ka bashi ko ka bayar. In rigima ta taso shi zai kai maganarka gaban sarkin zango. In baƙo ya rasu, shi zai tattara dukiyarsa ya ba amintacce ya kai wa magada. Daga irin waɗannan masaukai ne unguwannin zango suka tsiro a Kumasi da Ankara, wato Akra babban birnin Gana, da Lome da sauran garuruwa, har da unguwar Sabo ta Ibadan.

Shirin gida ma yana da ƙa'idarsa. Ana tashi ne bayan an kawar da amfanin gona, an cika rumbu, an bar wa iyali abin da za su ci. Yaro ba ya fara fatauci da jarin kansa. Sai ya yi shekaru yana bin ubangidansa, yana kora jaki, yana koyon yadda ake duba goro da yayyafa masa ruwa da sauya masa ganye kada ya lalace a hanya, kafin a ba shi ɗan abin da zai juya.

Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, daga cikin wannan tsari ya fito. Ba'agale ne, gidansu gidan fatauci ne, ya zauna a ƙasar Gana ya yi harkar goro, yana cikin waɗanda suka fara ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Ikko maimakon bin ƙasa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano kasuwar gyaɗa ta buɗe, sai ya dawo gida da jarinsa da iliminsa na kasuwa ya shiga harkar gyaɗa. Kafin rasuwarsa a 1955 ana lissafa shi cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma. Akwai kuma Imam Umaru, haifaffen Kano a 1858, wanda ya tafi da iliminsa ya zauna a Salaga, daga baya ya koma Kete Karachi inda ya yi limanci da karantarwa har ya rasu a 1934. Ɗaya ya dawo, ɗaya ya zauna can, amma kowannensu ya fita ne da abin da mutanen can suke bukata.

Duk da haka zaman baƙunta bai taɓa zama tabbas ba. A 1892 yaƙin sarauta ya ɓarke a Salaga, kasuwar ta watse, Hausawan da suka yi shekaru a can suka bazu zuwa Kete Karachi da Kumasi da Ankara da wasu wurare. Rigimar ba tasu ba ce, amma su ma ta ci su. Abin da ya rufa wa da yawansu asiri shi ne suna da sana'a, kuma suna da mutane a wasu zangunan da za su sauka wurinsu.

RANAR DA AKA TAMBAYI TAKARDA

Tsarin zango ya kare baƙo daga yunwa da kaɗaici da cutar 'yan gari. Akwai abu ɗaya da bai tanada ba, domin a lokacin da aka gina shi babu abin. Da ƙasashe suka samu 'yancin kai, iyakoki suka zama na gaske, sai gwamnati ta fara tambayar abin da sarkin zango bai taɓa tambaya ba, wato takardar izinin zama.

A ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Firaminista Kofi Busia ta Gana ta ba da umarnin cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya bar ƙasar cikin kwana 14. Dubun-dubatar mutane abin ya shafa, 'yan Nijeriya da 'yan Nijar da 'yan Togo da na ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso. Yarbawa sun fi yawa cikin 'yan Nijeriya, amma Hausawan zango ma abin bai bar su ba. Cikinsu akwai waɗanda a can aka haife su, ba su san wata ƙasa ba. Mutum ya yi shekara talatin yana gina gida da shago, sai ga shi yana neman mai saye cikin mako biyu, kuma kowa ya san farashin da ake yi wa mai gaggawa. Aka cika tashoshin mota da bakin iyaka da mata da yara da ƙullin kaya. Yawancinsu ba su yi laifin komai ba. Sun dai zauna ne kamar yadda iyayensu suka zauna, ba su taɓa zaton wata rana za a tambaye su takarda ba.

Kada mu ce mutanen Gana ne marasa tausayi, domin mu ma mun yi. A watan Janairu 1983, da tattalin arziki ya karye bayan faɗuwar farashin mai, gwamnatin Shugaba Shehu Shagari ta umarci baƙin da ba su da takarda su fice cikin kusan mako biyu. An ƙiyasta wajen mutum miliyan 2 suka fita, kusan rabinsu 'yan Gana. Jakar nan mai ratsi-ratsi da muke zuba kaya a ciki daga nan ta samo sunanta na Ghana Must Go. Wannan kuwa ya faru ne bayan ƙungiyar ECOWAS ta amince a 1979 cewa ɗan kowace ƙasa cikinta zai iya shiga wata ba biza. Amma yarjejeniyar kwana 90 ta ba mutum. Zama ya yi aiki bayan nan sai da wata takarda, kuma nan ne mutane da yawa suka yi sakaci.

Darasin a fili yake. Muddin ana cikin wadata ba mai damuwa da baƙo. Ranar da abinci ya yi wuya ko siyasa ta juya, shi ake fara nunawa da yatsa, kuma a ranar ba a tambayar kirkinsa ko yawan shekarunsa a gari.

HANYAR GABAS

Hanya ta biyu da mutanenmu suka bi ita ce ta gabas. Kafin jirgin sama, alhazan ƙasa kan bi ta Borno, su shiga Chadi ta Fort Lami, wadda yanzu ake kira Njamena, su wuce Abeshe, su ratsa Darfur da Kordofan har bakin kogin Nilu, sannan su kai Sawakin a gaɓar Bahar Maliya su haye zuwa Jidda. Tafiyar kan ci shekaru, domin yawancinsu ba su da guzurin da zai kai su. Sai a tsaya a yi noma ko wanzanci ko ɗinki ko karantarwa, a tara abin da zai kai zango na gaba. Wannan ya sa tafiyar ta zama ibada haɗe da ci-rani.

Mai niyyar wannan tafiya yana shiri ne kamar wanda ba zai dawo ba. Zai biya bashin da ke kansa, ya mayar da ajiyar mutane, ya yi wasiyya gaban shaidu, ya zaga dangi da maƙwabta neman gafara. Zai kuma warware maganar iyalinsa, ko ya tafi da su, ko ya bar su hannun wanda zai riƙe su da sanin kowa.

Ƙaura mafi girma ta wannan hanya ita ce ta 1903. Da Turawa suka ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya kama hanyar gabas, jama'a masu yawa suka bi shi. Aka kashe shi a Burmi a watan Yuli na wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har Sudan, inda suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sennar. Da aka gama madatsar ruwa ta Sennar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, sai aiki ya samu, Hausawa da Fulani da Barebari masu hanyar Makka suka zama ginshiƙin ƙwadagon wurin. Mutum zai ce bari in yi kaka ɗaya in wuce, kaka ta zama goma, a yi aure, a haifi 'ya'ya da jikoki, har yau ana cewa ana kan hanya. Wani masani mai suna Bawa Yamba ya yi littafi a kansu a 1995.

A shekarun 1920 gwamnatin Turawa ta shigo da fasfon alhazai da tsarin ajiye kuɗi tun daga gida, domin mutum ya samu na dawowa. Da yawa sun kauce wa tsarin saboda rashin kuɗi ko rashin yarda da Nasara. Suka riƙa bin ɓarauniyar hanya, suna haye teku cikin ƙananan jirage a hannun mutanen da ba su sani ba. Rahotannin wancan zamani sun yi ta maganar alhazan da suka maƙale a Hijaz ba kuɗin komawa, da yaran da suka faɗa hannun masu cinikin bayi. Sai a 1962 Saudiyya ta haramta bauta a hukumance. Da aka kammala layin dogo zuwa Maiduguri a 1964, mutum zai iya hawa jirgi a tashar nan tamu ya sauka a Borno, amma a lokacin jirgin sama ya riga ya fara karɓe aikin hajji.

Jikokin waɗannan matafiya sun kasu. A Saudiyya akwai waɗanda kakanninsu suka samu takardar zama 'yan ƙasa tun da wuri. Su ne ake gani da laƙabin Hausawi, kamar Usama Hausawi da ya riƙe kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018. Akwai kuma waɗanda aka haifa a Makka ko Jidda ba su da takardar kowace ƙasa, suna rayuwa cikin ɓuya, in an kama su a sauke su a Kano, garin da ba su taɓa gani ba. Asali ɗaya ne, wani lokaci ma unguwa ɗaya, abin da kaka ya yi ko ya bari na takarda shi ya raba makomarsu.

A Sudan ma bayan 'yancin kai a 1956 dokar zama ɗan ƙasa ta zo da tambayar tun yaushe kakanninka suke ƙasar, mutanenmu da yawa suka sha wahala a kai. A 2022 rikici kan ƙasa da sarauta ya ɓarke tsakanin Hausawa da wasu ƙabilu a jihar Shuɗin Nilu, aka rasa ɗaruruwan rayuka. Bayan fiye da shekara 100, ana nan ana ce musu baƙi. Sai kuma yaƙin da ya ɓarke a Khartum a ranar 15 ga Afrilu 2023, wanda ya rutsa da dubban ɗalibanmu, aka kwashe su a motoci zuwa iyakar Masar da Port Sudan. A wannan rana duk wanda fasfonsa ke hannunsa kuma ofishin jakadanci ya san da zamansa, ya fi samun sauƙin fita.

HANYAR HAMADA

Hanya ta uku ita ce ta arewa. A da ayarin raƙuma kan tashi daga Kano ya bi ta Damagaram da Agadas da Gat da Gadamas har Tarabulus. Ba a shiga hamada sai da jagoran da ya san rijiyoyi, sai an auna ruwa da guzuri, sai kuma lokacin da ya dace. Wannan ciniki ya mutu bayan jirgin ƙasa ya iso Kano, amma hanyar ba ta mutu ba. Yanzu motoci ne ke bin ta da mutane.

A watan Oktoba 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamadar arewacin Nijar kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Mafi yawansu daga yankin Kance ne na jihar Damagaram, Hausawa 'yan'uwanmu masu neman abinci. A watan Nuwamba 2017 tashar CNN ta nuna hoton yadda ake gwanjon 'yan ci-rani a Libiya, abin da ya sa aka kwaso dubban 'yan Nijeriya zuwa gida. Hamadar ita ce dai ta da. Abin da ya sauya shi ne wanda ake miƙa wa rai. Madugun da yana cikin ayari, in ruwa ya ƙare har da shi za a mutu. Mai haɗa tafiyar yau ya karɓi kuɗinsa tun a tasha, kuma lambar waya kawai aka sani tasa.

ABIN DA MUKE ROƘON MAI SHIRIN TAFIYA

Ƙannenmu maza da mata, in mun tattara wannan tarihi, tambayoyin da fatake ke yi kafin su ɗaura wa jaki kaya su ne dai har yau.

Wane ne madugunka? In ejan ne, a san ofishinsa, a san gidansa, a nemi ganin lasisinsa, domin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ce ke ba kamfanonin ɗaukar ma'aikata lasisi. A nemi wanda ya tafi ta hannunsa a yi magana da shi kai tsaye, ba a gaban ejan ba. Duk wanda ya ce kada ka gaya wa kowa sai ka isa, ko ya ce ba sai ka biya komai ba in ka fara aiki ka biya, a yi hattara da shi. Irin wannan ne ya sa aka kafa hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane a 2003, kuma ƙofarta a buɗe take ga mai tambaya.

Wace takarda ce a hannunka? Bizar umara ko ta ziyara ba ta aiki ba ce, ko da wa ya ce maka za a gyara in an isa. A ƙasashen Larabawa na yankin Gulf zamanka yana rataye ne da wanda ya ɗauke ka, wato kafili. Saudiyya ta sassauta wannan tsari a watan Maris 2021, amma sassaucin bai haɗa da masu aikin gida da direbobin gida da makiyaya ba, alhali nan ne yawancin mutanenmu ke faɗawa. A karanta yarjejeniyar aiki tun a gida, in da Larabci take a kai wa wanda ya iya ya fassara: nawa ne albashi, awa nawa ne aiki, wa zai biya kuɗin jirgin dawowa. A ɗauki hoton fasfo da biza da yarjejeniya a bar wa na gida. In an isa a sanar da ofishin jakadancin Nijeriya.

Doka kuma tana sauyawa, kamar yadda ta sauya wa mutanen zango. Ingila ta hana masu aikin kula da tsofaffi tafiya da iyalansu a watan Maris 2024, sannan a watan Yuli 2025 ta rufe ɗaukar sababbi daga waje a wannan fanni. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a watan Janairu 2025. Labarin wanda ya tafi shekara uku da suka wuce ba lallai ya yi maka aiki yau ba.

Wane ne fatomanka? Kafin ka tashi ka san mutum ɗaya aƙalla, wanda iyayenka suka san iyayensa, da zai amsa waya in ka shiga matsala. Kuma me ka ɗauka da za a saya a can? Fatake ba su taɓa zuwa Gwanja hannu rabbana ba. Walda, gyaran mota, aikin lantarki, ɗinki, tuƙi, aikin jinya, duk kaya ne, musamman in da takardar shaida. Wata shida da mutum zai ƙara a gida ya ƙware ko ya koyi harshen inda za shi ba asara ba ce.

Na ƙarshe, me ka bari a baya? Magabata sai sun cika rumbu suke tashi. Kada a sayar da gidan da iyali ke ciki ko gonar gado don biyan ejan, domin in tafiya ta ƙi, nan ne wurin dawowa. In an ci bashi a rubuta gaban shaidu. Mai mata ya zauna da ita da waliyyanta a yi magana a fili: shekara nawa, wa zai ciyar, me za a yi in an daina jin ɗuriyarsa. Iyaye kuma, don Allah, kada ganin abin da ɗan maƙwabci ya aiko ya sa mu tura 'ya mace hannun wanda ba mu san asalinsa ba.

A namu ɓangaren, duk ɗan ƙungiya da ke da niyyar tafiya muna roƙonsa ya zo mu zauna tun kafin ya biya ko sisi. Cikinmu akwai waɗanda suka zauna a Saudiyya da Sudan da Gana da Libiya, akwai masu karanta Larabci da Turanci, za su duba takardu ba tare da an biya su komai ba, kuma sirrin mutum ba zai fita ba. Matambayi ba ya ɓata. Haka nan duk wanda a gidansu akwai labarin kakan da ya je Gwanja, ko ya tafi Makka a ƙasa, ko aka koro shi daga Gana a 1969, ya taimaka ya kawo mana mu rubuta tun dattawan da suka sani suna raye.

Allah Ya tsare matafiyanmu a duk inda suke, Ya dawo mana da waɗanda suka maƙale, Ya jiƙan waɗanda suka rasu a hanya, Ya sa albarka a neman kowa, na gida da na waje. Amin.

Sakataren Ƙungiya,
Kafanchan.